Yadda ake sa launin baya ya zama shara-shara ba tare da rubutu ya koɗe ba

Wani ɗan'uwa daga Marwa ya aiko da tambaya game da shafin intanet da yake gina wa kawunsa, baduku mai sayar da jakunkuna da takalman fata. Ya shimfiɗa hoton kayan a saman shafin, ya rubuta sunan shago da farin launi kai tsaye a kan hoton, sannan ya ɗora baƙin akwati mai ɗauke da farashi da maɓallin kira, ya sa masa `opacity: 0.5` domin a riƙa hango hoton ta cikinsa. Akwatin ya yi shara-shara kamar yadda ya so, amma rubutun da maɓallin sun koɗe tare da shi, kuma da ya sa wa rubutun `opacity: 1` babu abin da ya canja. Ya ƙara da cewa tambarin shagon yana fitowa da farin murabba'i a bayansa, kuma kawun ya yi ƙorafin cewa wani lokaci idan ya buɗe shafin a wayarsa ba ya ganin sunan shagon sam.

Ƙanena, Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Abin da ya same ka yana samun yawancin waɗanda nake koya wa tsara shafi a nan Garwa, kuma dalilinsa shi ne kalmar `opacity` tana yin wani aiki dabam da wanda mai koyo yake zato. Idan ka sa ta a kan akwati, burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, tana fara zana akwatin gaba ɗaya, da launin bayansa da rubutunsa da maɓallinsa da duk wani ƙaramin hoto da ke cikinsa, ta haɗe su su zama zane guda, sannan ta rage ƙarfin wannan zanen kafin ta ɗora shi a kan shafi. Ka ɗauki babbar riga da aka manta a kan igiya kwana da kwanaki a rana: yadi da zaren aikin wuya tare suke koɗewa, babu yadda za a ce zaren ya tsira shi kaɗai. Shi ya sa `opacity: 1` da ka sa wa rubutun bai amfane ka ba, domin 1 a wurin ɗa, wato rubutun, yana nufin dukkan abin da uwa, wato akwatin, ta rage masa, kuma uwar ta riga ta zubar da rabi. Idan ma ka sa wa rubutun 0.5 a cikin akwati mai 0.5, lissafin ninkawa ne, abin da zai kai ga ido 0.25 ne kawai.

Abin da kake so shi ne yadi ya zama shara-shara kamar mayafi, zaren aiki kuma ya tsaya da kaurinsa. A harshen CSS, wanda ake tsara kamannin shafukan intanet da shi, ana samun haka ne idan aka sa shara-sharan a cikin launin kansa, aka bar akwatin da cikakken ƙarfinsa. Ka goge layin `opacity` ɗin baki ɗaya, ka rubuta wannan a madadinsa:

`background-color: rgb(59 35 20 / 75%);`
`color: #ffffff;`

Da wannan, launin baya ne kaɗai hoto zai ratsa. Rubutu da maɓalli za su fito fes.

Ya kamata ka fahimci waɗannan lambobi, domin wanda ya kwafe su bai gane su ba zai sake maƙalewa gobe. Kowane ɗigo a fuskar waya ko kwamfuta haɗin haske uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma kowannensu yana da mataki daga 0 zuwa 255, wato matakai 256, waɗanda idan aka ninka su sau uku suna ba da launuka 16,777,216. Lambobin 59 da 35 da 20 na nufin ja kaɗan, kore ƙasa da shi, shuɗi kuma ɗan mitsitsi, abin da ke ba da ruwan ƙasa mai duhu irin na fatar da ta sha jima. Na zaɓe shi maimakon baƙi ne saboda zai zauna da launin kayan kawunka fiye da baƙi wuluk. Lamba ta huɗu, wadda ke bayan sandar karkace, ita ake kira alfa, kuma ita ce ma'aunin kaurin launin: 100% ya toshe abin da ke baya gaba ɗaya, 0% kuma babu launin sam. Mutane da yawa suna juya wannan a kansu, suna zaton 75% na nufin za a ga kashi 75 na hoton, alhali kashi 25 ne kawai zai ratso.

Za ka ci karo da wannan launi a rubuce ta hanyoyi dabam-dabam, kuma duk abu ɗaya suke faɗa. Tsohuwar hanya ita ce `rgba(59, 35, 20, 0.75)` mai waƙafi tsakanin lambobi, wadda ta zo da mataki na 3 na ƙa'idar launuka da hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tabbatar a 2011, shekarar da Internet Explorer 9 ya fito yana gane ta. Hanyar da na rubuta maka a sama ta mataki na 4 ce, kuma burauzoji na yanzu duk sun san ta. Akwai kuma hanyar alamar #, inda kowane haske ke samun harafi biyu a lissafin goma sha shida: launin namu shi ne `#3b2314`, idan kuma aka ƙara harafi biyu a ƙarshe sun zama alfa, kamar `#3b2314bf`. A nan akwai tarko, domin `80` a wannan lissafi 128 ne cikin 255, wato kusan rabi, wanda kuwa yake son kashi 80 sai ya rubuta `cc`. Ni dai ina ba ɗalibai shawarar su tsaya a kan hanyar kashi cikin ɗari, saboda duk wanda ya buɗe fayil ɗin bayan wata shida zai karanta ta ba tare da lissafi ba.

Akwai wani kuskure da ya fi yawa a wajenmu, mu da muka yi makaranta da Faransanci a Kamaru ko Chadi. An koya mana rubuta rabi a matsayin 0,5 da waƙafi, hannu kuma ya saba. CSS ba ya karɓar haka, aya yake so, 0.5. Idan ka rubuta `opacity: 0,5` burauza ba za ta yi maka gargaɗi a kan shafi ba, za ta tsallake layin ne shiru, kai kuma ka kwana kana neman inda matsalar take. A cikin `rgba` abin ya fi muni, domin waƙafin zai mayar da lambobi huɗu su zama biyar, layin ya lalace. Haka nan kalmar launi `color` ake rubuta ta, ba a ƙara mata harafin u, kuma a allon rubutu na AZERTY da ya cika shagunan kwamfuta na yankinmu ana samun alamar # ne ta danna AltGr tare da 3.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi mayar da hankali, domin shi ne ke raba mai gwaji da wanda ya san aikinsa. Launi mai shara-shara ba shi da kamanni tsayayye, sai an san abin da ke bayansa. Burauza tana lissafa kowane ɗigo ne ta hanyar ɗaukar kason launin gaba gwargwadon alfa, ta cike ragowar da launin baya. Wannan lissafi tsoho ne a ilimin zanen kwamfuta, Thomas Porter da Tom Duff sun tsara ƙa'idojinsa tun 1984, kuma da kai ma za ka iya yin sa a bayan takarda. Ka ce baƙi ne mai alfa 50% ya faɗa kan wurin da hoton yake fari, kamar farin bangon shago ko hasken da ya daki ledar da aka naɗe jaka. Rabin 0 da rabin 255 sun ba da kusan 128, wato ruwan toka tsaka-tsaki. Farin rubutu a kan wannan toka yana da bambancin haske na 3.95 bisa 1. Ƙa'idar WCAG 2.0 ta 2008, wadda ake auna sauƙin karatun shafuka da ita, tana neman aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 bisa 1 ga manyan haruffa, wato daga kimanin fiksel (ɗigon fuska) 24 zuwa sama. Ka ga 50% ya gaza ke nan. Idan ka ɗaga alfa zuwa 60%, ragowar kashi 40 na 255 ya ba da 102, wato `#666666`, bambancin kuma ya haura zuwa 5.74. Iyakar tana wajen 54%, saboda haka duk lokacin da farin rubutu zai zauna a kan baƙin mayafi da hoto a ƙarƙashinsa, ba na sauka ƙasa da 60%. Ruwan ƙasan da na ba ka bai kai baƙi duhu ba, shi ya sa na kai shi 75%, inda ko a kan fari tas bambancin ya wuce 6.

Dalilin da ya sa nake auna wurin da ya fi haske a hoton, ba matsakaicinsa ba, shi ne shafi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A kwamfutarka akwatin yana iya faɗawa kan baƙar jaka, ya yi kyau, amma a ƙaramar waya hoton zai yanke ta wata fuska dabam, akwatin ya koma kan farin bango. Gobe kuma kawunka zai ce a canja hoton a sa na sababbin takalman salla, kuma ba lallai ne ka tuna ka sake awo ba.

Ma'aunin 4.5 kuma mafi ƙaranci ne, bai kamata a ɗauke shi abin buri ba, musamman a ƙasarmu. Wanda zai buɗe wannan shafi yana iya kasancewa a tsaye bakin titi a Marwa ko Kuseri cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rana tana dukan gilashin waya, ya kuma rage hasken fuskar domin caji ya kai shi dare. A irin wannan hali rubutun da ya fito sarai a cikin ɗaki sai ya zama inuwa. Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin dalili: bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ, ɗan lanƙwasa ne a saman harafi, kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa idan rubutu ya koɗe. Kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne, balle a shafin mai sayar da takalma. Lambobin farashi ma haka suke, 3 da 8 suna saurin rikiɗewa, kuma ciniki da aka fara a kan kuskuren farashi yakan ƙare da ɓacin rai.

Ƙorafin kawunka na rashin ganin sunan shago yana da sauƙin ganewa. Ka rubuta sunan da fari a kan hoto, amma ba ka sa wa wurin launin baya ba. Launin baya na kowane akwati, idan ba a faɗa ba, `transparent` ne, wato babu komai, abin da ke ƙarƙashi kawai ake gani, wanda a shafinka farin fili ne. Duk lokacin da intanet ya yi nauyi hoton ya makara, ko data ta ƙare yana tsakiyar sauka, abin da ya rage shi ne farin rubutu a kan farin fili. A inda layi yake da ƙarfi wannan gibin na ƙiftawar ido ne, mu kuwa yana iya ɗaukar mu daƙiƙoƙi masu yawa, wani lokacin ma hoton ba zai zo ba. Maganin layi ɗaya ne: ka ba wurin hoton launi mai kauri, `background-color: #3b2314`, wanda ba shi da alfa ko kaɗan. Launin baya kullum a ƙarƙashin hoton baya yake zama, don haka idan hoton ya iso zai rufe shi, idan bai iso ba sunan shago yana nan ana karantawa. Ka lura da tsarin layukan: idan ka yi amfani da gajeriyar kalmar `background` bayan ka riga ka sa launi, za ta share launin ta mayar da shi `transparent` muddin ba ka ambace shi a cikinta ba. Ko dai ka yi amfani da `background-image`, ko ka sa layin launin a ƙasa. Kuma ka riƙe wannan a matsayin ɗabi'a: duk inda ka faɗi launin rubutu, ka tabbata ka san launin da ke bayansa, domin wasu wayoyi suna juya shafuka zuwa yanayin duhu, kuma shafin da ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya ya fi saurin rikicewa.

Ko bayan hoton ya sauka, farin suna a kan hoto tsirara yana cikin haɗari iri ɗaya da na akwatin. Mutum zai so ya ce a ɗora launin baya mai alfa a kai, amma tunda launi a ƙasan hoto yake zama, ba zai duhunta shi ba. Dabarar ita ce a yi amfani da `linear-gradient`, wanda CSS ke ɗauka a matsayin hoto, a jera shi kafin hoton gaske, domin a jerin hotunan baya wanda aka fara ambata shi ne a sama:

`background-image: linear-gradient(rgb(0 0 0 / 65%), rgb(0 0 0 / 10%)), url(jakunkuna.jpg);`

Wannan zai sa saman hoton, inda sunan yake, ya yi duhu, ƙasansa kuma ya buɗe a ga kayan da kyau. Na fi son wannan a kan mayafi mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, domin mai saye ya zo ganin ɗinkin baduku ne da launin rini, kuma bai dace a lulluɓe masa su duka saboda layi ɗaya na rubutu ba. Sai dai ka tabbata sunan yana zaune a ɓangaren da duhun bai sauka ƙasa da 60% ba. Idan suna da tsawo, ka tsayar da duhun zuwa wani wuri kafin ya fara raguwa, ta hanyar rubuta `rgb(0 0 0 / 65%) 40%` a matsayin matakin farko.

Wani lokaci hoton kansa ake so ya koɗe, misali a sa zanen fata a bayan dukkan sashe kamar alamar ruwa a jikin takarda. CSS ba shi da kalmar da ke rage ƙarfin hoton baya shi kaɗai. A nan ne `opacity` ke da amfani, amma sai an raba hoton da rubutu: a sa hoton a cikin `::before` na akwatin, wato ƙaramin akwatin da CSS ke ƙirƙira a cikinsa dabam da rubutun, a ba shi `content: ""` da `position: absolute` da `inset: 0` da `z-index: -1` (lambar da ke faɗin matsayinsa a jerin sama da ƙasa) da `opacity: 0.15`, uwar akwatin kuma a ba ta `position: relative` da `isolation: isolate` domin kada hoton ya nutse ƙarƙashin sauran shafin. Tunda rubutun ba ya cikin `::before`, koɗewar ba ta shafe shi ba.

Batun tambari ba na CSS ba ne. Fayil ɗin JPEG ba shi da alfa ko kaɗan, saboda haka farin murabba'in yana cikin hoton kansa, kuma babu launin baya da zai cire shi. Ka koma wurin wanda ya zana tambarin ya fitar maka da shi a PNG ko WebP ko SVG ba tare da fili a baya ba. Canja sunan fayil daga jpg zuwa png ba ya yin komai. Ka kuma roƙe shi ya turo maka shi a matsayin fayil, domin idan aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan iso a matse, shara-sharan ya tafi.

Kada abin da na faɗa ya sa ka guji `opacity` gaba ɗaya. Ita ce daidai idan ana so abu ya koɗe dukkansa, kamar katin takalmin da ya ƙare a shago, ko hoton da ke bayyana sannu a hankali, kuma burauza tana motsa ta cikin sauƙi ko a ƙaramar waya. Abu biyu kawai za ka kiyaye. Akwati mai `opacity: 0` yana nan a wurinsa, yana cin fili, kuma yatsa yana iya danna shi, don haka maɓallin kira da aka ɓoye ta wannan hanya zai iya sa mutum ya buga waya bai yi niyya ba. Sannan duk darajar da ta gaza 1 tana mayar da akwatin wani rukuni mai zaman kansa a jerin sama da ƙasa, ta yadda jerin zaɓi da ke sauka daga cikinsa zai iya maƙalewa a bayan wani sashe ko da ka ba shi `z-index` na dubu.

Za ka ga shafuka masu akwati kamar gilashin da ya yi hazo, inda abin da ke baya yake dushi-dushi. Ana yin sa da `backdrop-filter: blur(8px)` tare da launin baya mai alfa, kuma yana da kyau a ido. Ra'ayina shi ne ka bar shi a wannan shafi. Yana sa waya ta riƙa sake lissafin hazon duk lokacin da aka ja shafi sama ko ƙasa, wayoyi masu araha da yawancin masu sayen kawunka ke riƙewa kuma sukan yi tsalle-tsalle a kansa, sannan hazo ba ya rage hasken farin wuri, don haka bai ɗauke maka nauyin lissafin alfa ba. Idan ka sa wa akwatin layin gefe (`border`) mai shara-shara kuwa, ka sani launin baya yana miƙewa har ƙarƙashin gefen, sai ka ƙara `background-clip: padding-box` kafin hoton ya ratso ta wurin.

Bayan ka yi waɗannan gyare-gyare, ka gwada su ta hanya uku kafin ka ce an gama. A kwamfuta ka danna F12 a Chrome ko Firefox, ka zaɓi rubutun farashin, ka duba launukansa. Kayan awon da ke wurin suna nuna bambancin haske idan bayan launi ɗaya ne, amma a kan hoto ba abin dogaro ba ne, don haka ka cire hoton na ɗan lokaci ka sa fari a madadinsa, ka auna mafi munin hali. Sannan ka ɓata sunan fayil ɗin hoton da gangan, ka sake buɗe shafin, ka tabbata sunan shago da farashi da maɓallin kira duk suna nan a kan ruwan ƙasan da ka shimfiɗa. Daga nan ka mayar da sunan daidai, ka ɗauki wayar kawunka, ba taka ba, ku fita ƙofar shago bayan azahar lokacin da rana take tsaka, ka miƙa masa ya karanta maka farashin jaka uku da ƙarfi. Idan ya kanne ido ko ya kai tafin hannu ya yi wa fuskar wayar inuwa, ka koma ka ɗaga 75% ɗin zuwa 85%, ka ƙara girman haruffan farashin, ku sake fita.